Yadda Ake Gano Matsalar Wuta a Ƙaramin Famfon Man Giya

A wasu motoci masu giya otomatik da ke kashe injin da kansu idan an tsaya a danja, akwai wani ƙaramin famfo mai aiki da lantarki. Injin ne ke juya babban famfon giya, don haka da injin ya mutu, wannan ƙaramin ne ke riƙe ƙarfin man giya. Idan ya gaza, mota kan yi fizga wajen tashi, ko ta daina kashe kanta, fitilar injin ta kama. Kada a yi gaggawar sayen sabo. A fara bin hanyar da wuta ke bi zuwa gare shi.

Da farko, jona kwamfuta a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lamba P2796 na nufin layin da ke sarrafa famfon ya yanke, P2798 wuta ta yi ƙasa, P2799 ta yi sama, P2797 kuwa famfon ba ya aiki yadda ya kamata. Rubuta lambobin kafin ka goge su.

Na biyu, auna batir. Lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6 injin a kashe, da wajen 14 idan yana aiki. Raunin batir kaɗai kan sa kwamfutar motar ta zargi famfo.

Na uku, duba fiyus da rile. In fiyus ya ƙone, ka sa irinsa daidai. In ya sake ƙonewa nan take, wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko famfon yana jan wuta fiye da kima. Ɗaura waya a madadin fiyus hanyar gobara ce.

Na huɗu shi ne inda aikin yake. Kashe mota, zare soket ɗin famfon, ka nemi tsatsa, man da ya shiga ko haƙorin da ya lanƙwashe. Bi wayar da hannu, musamman kusa da salansa inda zafi ke cin roba. Sannan ka mayar, ka umarci famfon ya tashi ta kwamfuta, ka auna wutar yana cikin aiki. Wayar da silinta ɗaya ya rage za ta nuna bolt 12 a mita, amma da an ɗora mata nauyi sai ta kasa. Haka za ka gwada wayar da ke komawa jikin mota: asarar da ta wuce kusan bolt 0.2 alama ce ta mummunan haɗi.

Sai wuta ta isa lafiya kuma famfon ya ƙi motsi ake auna injin lantarkin da ke cikinsa, a kwatanta da littafin kamfanin. Mota mai haɗa fetur da lantarki kuwa, kada ka taɓa wayoyi masu launin ruwan lemo. Wutarsu tana kisa.

Bayan gyara, duba yawan man giya, goge lambobin, ka fita gwaji har injin ya mutu ya tashi sau da yawa ba fizga.