Hoton Barkwanci a Zauren WhatsApp: Wa Ke Da Ikon Gogewa?

Wani mai sauraronmu daga Makarfi ya ce a zaurensu na 'yan kasuwar rake, mai mutanen Kudan da Ikara, shugaban zaure ya goge wani hoton barkwanci da ya tura. Yana tambaya, shin yana da wannan hurumin?

To Malam, yana da shi. Tun 2022 WhatsApp ya ba shugabannin zaure damar goge saƙon kowa. Sai dai kamfanin bai fayyace musu wane hoto ne wasa, wane ne cin mutunci ba. Wannan 'yan zaure ne ke yankewa.

Irin hoton da Turawa ke kira mim, kamar fuskar ɗan wasan Kannywood da aka yi wa rubutu a ƙasa kowa na sauyawa yana turawa, galibi ba ya ta da ƙura. Rigimar tana farawa ne idan fuskar ta hakimi ce, ko malami, ko maƙwabcinka. Kuma abin kan wuce zaure: a Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta sa aka yi wa matasa biyu bulala 20 kowanne, da tara, saboda bidiyon TikTok da suka yi wa gwamnan jihar na lokacin, Ganduje, shaguɓe a ciki.

A ganinmu, in ba a taɓa rubuta dokar zaure ba, shugaban naku ya yi gaggawa. Ku zauna ku tsara ta, a liƙa a bayanin zaure, ta hau kan kowa har shi. Da fatan ka gamsu, Malam.