Ɗana Ya Fi Ƙarfin Ajinsa

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Ɗana mai shekara 10 kan gama aikin aji kafin kowa, sai ya hau surutu. A gida kuma ba rediyon da bai kwance ba. Malaminsa ya ce rashin ji ne. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, Allah ya raya shi. Yaron da ya gama lissafi tun abokansa na feƙe fensir, aka ce ya naɗe hannu har a tashi, dole ya nemi abin yi. Bulala ba za ta magance wannan ba.

Ka sami malaminsa cikin girmamawa, ka roƙi a riƙa ba shi aikin ajin gaba. Ranar Asabar ka kai shi wajen amintaccen mai gyaran rediyo ya koyi aiki da hannunsa. Idan ya kai aji shida, ka yi masa rajistar jarrabawar da NECO ke shiryawa ta shiga makarantar masu baiwa ta gwamnatin tarayya da ke Suleja. Bayan ƙaramar sakandare kuma, ga makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Kano ta buɗe a 1977.

Kada kuma ka riƙa yi wa 'yan'uwansa gori da shi, don kada ka haɗa su gaba.