Dankalin da Ya Yi Kore: Wuta Ba Ta Kashe Dafinsa

Duk mai bi ta Bata zuwa kasuwar 'Yankura ya san kashin dankalin Turawa da ake karya wa kuɗi da yamma: wanda ya wuni a rana, bawonsa ya yi kore, idanunsa sun fara tsiro. Masu saye kan ɗauka muni ne kawai na ido. Ba haka ba ne. Tsiro ba ya iya gudu, don haka Allah ya ba shi makami a jikinsa. Saiwar dawa tana zubo wani sinadari da ke danne ciyawar da ke kusa da ita, dankali kuwa yana haɗa wani mai ɗaci, solanin, don korar funfuna da ƙwari. Haske, rauni da tsiro su ke sa shi ƙara yawansa. Koren kansa ba dafi ba ne, alama ce cewa dankalin ya ɗaura ɗamarar yaƙi.

Za a ce ai wuta tana kashe komai. Ƙwayar cuta take kashewa. Solanin ba rai gare shi ba, tafasa ba ta rusa shi, suya ma kaɗan take ragewa. A 1979 likitoci a Ingila sun ba da rahoton 'yan makaranta 78 a Landan da amai da gudawa suka kama bayan cin tsohon dankali dafaffe, aka kwantar da 17. Za a kuma ce iyayenmu yankewa suke yi su dafa. Suna da gaskiya, iyakar inda abin bai yi nisa ba, domin dafin ya fi taruwa a bawo da tsiro. Kore kaɗan, a fere da kauri, a ƙwaƙule idanun. Wanda koren ya shiga tsokarsa, ko ya yamushe, ko aka ji ɗaci da ƙaiƙayi a maƙogwaro, a zubar, musamman in yara ne za su ci.

Dankalin Hausa ma abin tsoro ne idan ya yi baƙin tabo mai ɗaci, domin abin da yake haɗawa don yaƙar funfuna yana taɓa hanta da huhu, kuma yakan wuce bakin tabon. Kada a jefa wa awaki da shanu. 'Yan kasuwa su rufe kayansu da buhun algarara a inuwa, uwargida kuma ta ajiye nata a duhu, inda iska ke ratsawa, ba cikin leda ba.