Kyanwa Mai Lalurar Ciki da Abin da Ya Kamata Ta Ci

A gidaje da yawa abincin kyanwa shi ne abin da ya saura a kwano: guntun tuwo da miya, kan kifi, wani lokaci a tsiyaya mata madara a murfin langa don tausayi. Yawancinsu suna jurewa, domin suna ƙarawa da ɓera da ƙadangare. Amma akwai wadda cikinta ba ya ɗauka. Da ta ci sai amai, kashinta ruwa-ruwa, gashinta ya yi buzu-buzu, ƙashin bayanta ya fito har ana iya ƙirga shi da yatsa. Mutanen gida su ce ta ci guba a maƙwabta, ko kuwa halin mage ne. Sau da yawa laifin yana cikin kwanon.

Kyanwa maciyar nama ce tun asalinta. Hanjinta gajere ne, kuma akwai abubuwan da jikinta ba ya iya haɗawa da kansa yadda za su ishe ta, sai ta same su a nama. Ɗaya daga ciki shi ne sinadarin torin, wanda yake da yawa a zuciyar dabba da kifi. A 1987 likitan dabbobi Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa ƙarancinsa yana kumbura zuciyar kyanwa har ya kashe ta, abin da ya sa kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara shi a kayansu. Tuwo da shinkafa ba su da shi.

Madara kuwa, wadda kowa ke ɗauka ita ce gatan mage, tana sahun gaba wajen sa ta zawo. Bayan yaye, hanjin kyanwa yana rage ƙarfin narkar da sukarin da ke cikin madara, sai ya wuce ya yi tsami a ciki. Miya ta fi wannan haɗari, saboda albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Tsire da kilishi nama ne, gaskiya, amma yajin da gishirin da ke jikinsu ba nata ba ne.

Kafin a zargi abinci, wajibi ne a fara da tsutsar ciki. Kyanwar da ke farautar ɓera ko take da ƙuma a jiki da wuya ta rasa tsutsa, kuma ko abincin sarki aka ba ta ba za ta daina zawo ba sai an ba ta magani. Wannan aikin asibitin dabbobi ne. Kada kuma wani ya ɓallo mata farasitamol don ya ga ta yi laushi: hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta.

Idan an gama da tsutsa amai bai tsaya ba, sai a koma ga gwajin abinci, kuma nan ne haƙurin mai kyanwa yake bayyana. A wani bincike da Guilford da abokansa suka yi a Jami'ar Massey ta ƙasar Niyu Zilan, aka buga a 2001, an duba kyanwoyi 55 masu daɗaɗɗen ciwon ciki. Kusan rabinsu sun samu sauƙi da canjin abinci kawai, kuma 16 daga ciki ciwon ya dawo da aka mayar musu da tsohon abincin. Naman sa, alkama da masara suna cikin abubuwan da suka fi tayar musu da ciki. Mai ba magensa tuwon masara da burodi ya lura da wannan.

Yadda ake gwajin ba shi da wuya a faɗa. A zaɓi nama iri ɗaya wanda ba ta saba ci ba, misali zomo, agwagwa ko akuya, a dafa da ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba mai, a zare ƙashi, a yanka ƙanana. A riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini. Wahalar tana wajen tsaro, domin yaro ɗaya da ya jefa mata loma a ƙarƙashin tabarma ya ɓata aikin mako guda. Ciki yakan lafa cikin mako biyu. Idan akwai ƙaiƙayin fata, ana kai mako takwas. Daga nan a riƙa dawo da tsofaffin abincin ɗaya bayan ɗaya, wanda amai ya biyo bayansa shi ne mai laifi.

Dafaffen nama shi kaɗai na gwaji ne, ba na dindindin ba, don ba shi da isasshen sinadarin ƙarfafa ƙashi, hanta kuma idan ta yi yawa tana sandarar da ƙashin wuya. Wanda yake da hali ya nemi abincin gwangwani ko na leda irin na Royal Canin ko Hill's da aka yi wa masu lalurar ciki, ya juya ledar ya karanta abin da aka haɗa, kada hoton gaba ya ruɗe shi. Sabon abinci a hankali ake shigar da shi, ana gauraya shi da tsohon har kwana bakwai zuwa goma.

Akwai lokacin da gwaji a gida ya ƙare. Jini a amai ko a kashi, rama mai sauri, shan ruwa fiye da ƙima, ko ƙin cin abinci kwana biyu, duk na likita ne. Kyanwa mai ƙiba da ta daina ci kitse yakan taru mata a hanta cikin 'yan kwanaki, don haka ba a horar da ita da yunwa. Asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna duba kyanwa kamar yadda suke duba rago, kuma yana taimaka wa likita idan an tafi da ɗan kashinta na ranar a ƙulle cikin leda.