Gurbin Raino Kafin Takardar Aiki: Kashedi Ga Mai Jego A Ingila

Ƙanwata, a gida idan hutun haihuwa ya ƙare akwai kaka, akwai ƙanwar miji, akwai maƙwabciyar da za ta ce miƙo shi nan. A Ingila kalanda kawai gare ki, ita kuwa ba ta san uzuri ba. Na ga wadda ta samu aiki ta mayar don ba ta da inda za ta ajiye jariri, na ga wadda ta yi wata uku albashinta na wucewa gidan raino ko ƙamshinsa ba ta ji ba. Saboda haka ki buɗe kunne. Maganar Ingila nake yi, Sikotilan da Wales tsarinsu daban ne.

Ki rubuta sunan yaro tun yana ciki. Na san kunyar ɗan fari, na san ba mu saba shelar ciki ba, amma gidan raino ba surukarki ba ne. Doka ta ce mai raino ɗaya ba za ta riƙe yara 'yan ƙasa da shekara 2 fiye da uku ba, shi ya sa ɗakin jarirai ke fara cika. Ki zaga gida uku ko huɗu da ƙafarki, ki karanta rahoton hukumar sa ido ta Ofsted na kowanne, ki shiga layin jira a fiye da ɗaya. Satumba ne watan da gurbi ya fi samuwa, domin lokacin ne manyan yara ke wucewa firamare, na ƙasa su matsa sama.

Kada ki ce sai aiki ya tabbata za ki nemi gurbi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ɗaukar aiki zai ce ki fara nan da wata guda, gidan raino ya ce sai baɗi. Amma kafin ki ba da kafin alƙalami ki tambaya a rubuce: ana mayarwa? Za a iya ɗaga ranar farawa? Sanarwar mako nawa ake bayarwa kafin a cire yaro?

Ki haddace ranaku uku kamar sunanki: 31 ga Agusta, 31 ga Disamba, 31 ga Maris. Tun Satumbar 2025 iyaye masu aiki na samun awa 30 a mako da gwamnati ke biya, daga zangon da ya biyo bayan cikar yaro wata 9 har ya shiga makaranta. Zangon nan yana farawa ne 1 ga Satumba, 1 ga Janairu da 1 ga Afrilu, kuma sai wata lamba mai ƙwaya 11 ta hukumar haraji HMRC ta shigo hannunki kafin zango ya kama. Kin makara da kwana ɗaya, kin jira zango na gaba. Ki lura da kalmar "bayan". Yaron da aka haifa 2 ga Disamba zai cika wata 9 ranar 2 ga Satumba, ke nan ba shi da rabo sai Janairu.

Kada ki yarda a sa miki ranar fara aiki 1 ga Oktoba idan 30 ga Satumba za ta yiwu. A nan ne mata suka fi zubar da kuɗi, kuma da hannunsu. Wadda za ta fara aiki ko ta koma tsakanin 1 ga Mayu da 30 ga Satumba tana iya neman lamba tun 1 ga Afrilu, ta ci tallafin zangon Satumba. Wadda ranarta ta faɗa tsakanin 1 ga Oktoba da 31 ga Janairu sai zangon Janairu. Wadda ta faɗa tsakanin 1 ga Fabrairu da 30 ga Afrilu, zangon Afrilu. Kin ga dare ɗaya tak ya raba mai tallafi da mai biyan wata uku daga jakarta. Don haka idan Satumba kike hari, ki fara aika takardu tun Afrilu ko Mayu, alkawarin aiki ya zo hannu kafin Agusta ya fita. Da aka tambaye ki yaushe za ki iya farawa, kada ki ce duk yadda kuka gani. Wannan ladabin a bar wa gidan surukai. Ki faɗi rana.

Idan tsohon aikinki za ki koma, hutun haihuwa mako 52 ne, kuɗinsa na doka mako 39, kuma sauya ranar komawa na buƙatar sanarwar mako 8. Ki ƙirga baya.

Kada ki kira tallafin nan kyauta. Awa 30 ɗin na mako 38 ne a shekara, jimilla awa 1,140, aiki kuwa ba ya bin hutun makaranta. Idan aka baza su a shekara duka sai su dawo kusan awa 22 a mako. Abinci, famfas da ƙarin awa duk suna iya hawa kanki. Ki nemi lissafin wata a takarda, ki ajiye shi kusa da albashin da za ki karɓa bayan haraji, ki cire kuɗin mota, sannan ki ce na'am.

Ki duba bizarki kafin ki gina lissafi a kan iska. Idan an rubuta miki cewa ba ki da haƙƙin cin kuɗin tallafin gwamnati, kamar yawancin masu bizar karatu da ta aiki, ba za ki iya neman awa 30 ɗin da sunanki ba. Idan maigida ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin, shi ne zai nema. Awa 15 na 'yan shekara 3 da 4 kuwa na kowa ne.

Ki sani ana duba ku biyu. A bisa ƙa'ida kowannenku sai yana samun abin da ya kai na awa 16 a mako a mafi ƙarancin albashi, kuma kada ɗayanku ya haura fam 100,000 a shekara.

Kada ki haɗa tallafin Universal Credit da asusun Tax-Free Childcare, ba sa zama inuwa ɗaya. Na farkon yana mayar da har kashi 85 cikin 100 na kuɗin raino, na biyun yana ƙara fam 2 a kan kowane fam 8 da kika zuba, iyakarsa fam 2,000 a shekara ga yaro. Ki yi lissafi kafin ki zaɓa.

Kada ki miƙa ɗanki ga "wata 'yar'uwa da ke riƙe yara" don ta fi araha kuma tana jin Hausa. Mai karɓar kuɗi ta riƙe ƙananan yara a gidanta fiye da awa 2 a rana dole ta yi rajista, in ba haka ba ko sisin tallafi ba zai bi ta ba. Hajiya kuma idan ta zo, bizar ziyara wata 6 ce, a bar ta ta ga jika.

Ki nemi sassaucin lokacin aiki tun ranar farko idan kina buƙata. Tun 6 ga Afrilu 2024 doka ta ba ki damar roƙa, su kuma su amsa cikin wata 2. Roƙo ne, suna iya ƙi.

Ki sabunta bayananki a wurin HMRC duk wata 3, in ba haka ba lambar awa 30 ɗin ta mutu.

Kada ki kai yaro raino ranar da ke ma kike fara aiki. Ki ba shi mako biyu ya saba, ki yi kukanki a mota ki gama. Kuma ki sa ran ciwo a watannin farko: mura, zazzaɓi, ciwon ido. Wanda ya yi amai ko gudawa ba a karɓarsa sai bayan awa 48 da tsayawarsu. Ke sabuwa ce a wurin aiki, maigida ya daɗe a nasa. Ku zauna tun yanzu, lambar wayarsa za a rubuta a layin farko na fom ɗin.