Darajar Sunan Wuri: Darasi Daga Inabin Santorini

A tsibirin Santorini na ƙasar Girka ana noman wani inabi mai suna Assyrtiko, wanda ake yin farar giya da shi. Ƙasar tsibirin tokar dutse mai aman wuta ce, ruwan sama kaɗan ne, ga iska mai ƙarfi. Saboda haka manoman ba sa kafa wa kurangar rumfa. Nannaɗe ta suke yi a ƙasa kamar kwando, 'ya'yan su kwanta a ciki, raɓar teku ta shayar da ita. Ƙwaron filoksera da ya cinye gonakin inabin Faransa a ƙarni na 19 bai iya zama cikin wannan toka ba.

Amfanin gonar bai taka kara ya karya ba, kuma da nauyinsa kaɗai ake biya, da noman ya daɗe da mutuwa. Abin da ya riƙe shi shi ne dokar 1971, wadda ta keɓe sunan Santorini ga giyar da aka noma inabinta a yankin. Mai saye a Landan sunan yake biya.

Giya ba hajar Maiduguri ba ce, domin addini ya hana. Amma mai haɗa turaren wuta a Ajilari shi ma sunan garinsa ne jarinsa, sai dai ba shi da mai tsare masa shi. Kowa na iya cika kwalba a Kano ko Abuja ya kira ta turaren Maiduguri. Mai saye ba ya iya tantancewa, na jabu kuma ya jawo farashin na gaske ƙasa.