DARASI: KADA A TAYAR DA SU SAU BIYU



A shekarar 1968, da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, tabki ya haɗiye gungaye da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Daga Yauri har zuwa Wara ta ƙasar Ngaski, Gungawa da Kambari da maƙwabtansu sun bar gonakin albasa da kaburburan kakanni a ƙarƙashin ruwa. Yara da samarin wancan lokaci su ne tsofaffinmu na yau.

Yanzu 'ya'yansu suna Kontagora, Minna ko Abuja wajen neman abinci. In ƙarfin tsoho ya ƙare, sai ɗa ya zo ya ɗauke shi zuwa birni. Niyyar mai kyau ce, amma can ba mai jin harshensa, ba sa'ansa da za su yi hira, ba kogin da ya saba gani. Wanda ruwa ya taɓa raba shi da gida, bai kamata tsufa ya sake raba shi da gida ba.

Littafin Ayyukan Manzanni, sura 6, ya nuna mana hanya. Da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci na kullum, manzanni ba su tsaya ga wa'azi kaɗai ba. An zaɓi mutum 7, aka san sunansu, aka ɗora musu aikin. Abin da aka bar wa kowa, ba mai yinsa.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙaramar ikilisiya, daga Shanga zuwa bakin tabki, ta zauna da katekis ta lissafa tsofaffin unguwa, Kirista da Musulmi da masu bin al'adar gargajiya, a raba aiki. Matasa su yi gayya a gonarsu, su gyara rufi kafin damina, su tara itace kafin hunturu. Zumuntar Mata su tsara ɗiban ruwa da girki bi da bi. Masunci ya ware kifi, mai babur ya kai asibiti. A sanar da Fada domin ya kai musu Jikin Kristi da shafewar majinyata. 'Ya'yan da ke nesa kuwa doka ta 4 ba ta sauka daga kansu ba: su aiko da kuɗin magani, su riƙa zuwa.

A 2021 Paparoma Francis ya keɓe Lahadi ta 4 ta watan Yuli domin kakanni da tsofaffi. Kada mu jira wannan rana.

Tambaya domin taron mako: wane tsoho ne a unguwarmu ya kwana jiya ba wanda ya leƙa shi?

Waliyyi Yowakim da Waliyya Hannatu, ku yi addu'a dominmu. Amin.